Kilomita 344: Tarihin Lokacin Tafiya Tsakanin Landan da Faris

Idan aka shimfiɗa taswirar yammacin Turai, aka ja miƙaƙƙen layi daga tsakiyar birnin Landan zuwa tsakiyar birnin Faris, za a sami tazarar kimanin kilomita 344. Nisan bai fi na Kano zuwa Abuja ba, in da tsuntsu ne zai yi tafiyar. Wannan adadi bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba tun ranar da aka kafa biranen biyu. Amma amsar tambayar matafiyi, wato yaushe zan isa, ta sauya sau da yawa cikin shekaru ɗari biyu da hamsin: daga kwanaki ta koma awanni, daga awanni ta taɓa sauka ƙasa da awa ɗaya, sannan ta sake hawa. Tarihin wannan hawa da sauka shi ne abin da wannan maƙala za ta bi, domin a ganina ya nuna cewa ƙarfin inji ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke yanke tsawon tafiya, kuma tun tuni ya daina zama mafi girmansu.

A ƙarni na goma sha takwas tafiyar kashi uku ce. Matafiyi zai hau keken doki daga Landan zuwa garin Dover da ke bakin teku, ya shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska ya haye zuwa Calais, sannan ya sake hawa wani keken zuwa Faris. Kashi na farko da na uku ana iya lissafa su, tunda an san zango-zango da wuraren sauya dawakai. Na tsakiya kuwa ba ya lissafuwa. Mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa bai wuce kilomita 33 ba a inda ya fi ƙunci, har ana hango fararen duwatsun Dover daga gaɓar Faransa idan gari ya yi haske, amma idan iska ta juya baya sai matafiyi ya tare a masauki yana jira, kwana ɗaya ko uku, kuɗin guzurinsa na zurarewa. Saboda haka tafiyar kan ci kwanaki da dama, wani lokaci mako guda cur. Wanda ya bar gida a wancan zamani ya san ranar tashinsa, ranar isarsa kuwa sai abin da iska ta ce.

Mutanen da suka fara tsallake wannan ruwa ta sama ma iskar ce ta kai su. Ranar 7 ga Janairun 1785, Bafaranshe Jean-Pierre Blanchard da wani likita Ba'amurke, John Jeffries, suka tashi daga Dover cikin kwandon da ke rataye a jikin ƙaton balan-balan. Tun suna tsakiyar teku balan-balan ɗin ya fara yin ƙasa, suka shiga zubar da kaya don rage nauyi, har ta kai su ga tuɓe tufafin jikinsu suna jefawa cikin ruwa a tsakiyar hunturu. Bayan kimanin awa biyu da rabi suka sauka a dajin Guînes, kusa da Calais. Bajinta ce, amma ba ta amfani matafiyi da komai ba, domin abin hawan da ba shi da linzami ba a sayar da tikitinsa. Watanni biyar bayan haka Pilâtre de Rozier ya gwada hayewa daga ɓangaren Faransa, ya faɗo ya mutu tun bai yi nisa da gaɓa ba.

Tururi ne ya fara ba tafiyar jadawali. A 1821 jirgin ruwa mai injin tururi, Rob Roy, ya fara jigila tsakanin Dover da Calais, kuma daga nan aka soma iya cewa za a tashi ƙarfe kaza ba tare da an dubi inda iska ta dosa ba. Layin dogo ya isa Folkestone a 1843, ya isa Dover a 1844, kuma a 1848 aka haɗa Faris da Boulogne da Calais. Tafiyar kwanaki ta koma ta yini guda. Kamfanoni suka ci gaba da aske mintoci, ta hanyar kai jirgin ƙasa har bakin jirgin ruwa da daidaita lokutan tashinsu, har ya zama kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ana yin tafiyar cikin kimanin awa bakwai. Ya kamata a tsaya a kan wannan, domin akan manta da shi: ragin da tururi ya kawo, daga kwanaki zuwa awa bakwai, ya fi duk ragin da jirgin sama ya kawo daga baya, in dai awannin da aka ceto ake ƙirgawa.

A farkon ƙarni na ashirin jaridar Daily Mail ta Lord Northcliffe ta sa ladan fam 1,000 ga duk wanda ya fara haye mashigin da jirgi mai inji. Hubert Latham ya gwada ranar 19 ga Yulin 1909, injinsa ya mutu, aka tsamo shi daga teku. Kwana shida bayan haka, da asubahin 25 ga Yuli, Louis Blériot ya tashi daga wani wuri da ake kira Les Baraques kusa da Calais, cikin ɗan jirgi na katako da ƙyalle mai inji mai ƙarfin doki 25. Yana fama da ƙuna a ƙafa, ba shi da kamfas, har ya yi ɗan lokaci ba ya ganin ƙasa ta kowane gefe. Bayan minti 36 da 'yan kai ya dira a wani fili kusa da ganuwar Dover, farfela da ƙafafun jirgin suka lalace. Jama'a sun yi murna, amma masu tunanin tsaro a Ingila sun ji wani abu daban: tekun da ya kare su daga Napoleon ya zama tafiyar rabin awa. A ranar 12 ga Afrilun 1911 Pierre Prier ya kammala abin da Blériot ya fara, ya tashi daga Hendon a Landan bai sauka ba sai a Issy-les-Moulineaux a gefen Faris, cikin awa uku da minti 56.

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya bar dubban jirage da dubban matuƙa babu aikin yi, kuma daga wannan rarar aka gina sufurin sama na farar hula. Ranar 25 ga Agustan 1919 kamfanin Aircraft Transport and Travel ya buɗe jigilar kullum tsakanin filin Hounslow Heath da filin Le Bourget. Jirgin farko na wannan rana, DH.4A, asalinsa samfurin jirgin jefa bama-bamai ne aka yi masa ɗan ɗaki. Matuƙinsa Bill Lawford ya ɗauki fasinja ɗaya tak, ɗan jarida, tare da jaridu da fata da naman tsuntsayen daji da kirim ɗin madara. Sun isa cikin awa biyu da rabi, kuɗin kujera kuwa fam 21, wanda ya fi albashin wata na yawancin ma'aikatan Ingila a lokacin. A riƙe wannan adadi na awa biyu da rabi, za a sake cin karo da shi.

Shekarun farko sun yi wuya ta fuskar kuɗi da ta rai. Gwamnatin Faransa tana tallafa wa kamfanoninta, ta Ingila kuwa ta tsaya a kan ra'ayin Winston Churchill cewa dole ne sufurin sama ya ɗauki nauyin kansa. Sakamakon haka, a Fabrairun 1921 duk kamfanonin Ingila suka daina tashi, sai da gwamnati ta sassauto ta ba da tallafi suka dawo. Matuƙa kuma da ido suke gane hanya, suna bin titin mota ko layin dogo daga sama. Ranar 7 ga Afrilun 1922, cikin hazo da yayyafi a yankin Picardie, jirgin Ingila mai zuwa Faris da na Faransa mai zuwa Landan suna bin hanya ɗaya a ƙasa-ƙasa, kowa na neman ganin alamar da zai bi, suka yi taho-mu-gama. Mutum bakwai suka mutu. Wannan ne karo na farko da jiragen fasinja biyu suka yi karo a sama, kuma bayansa aka yarda a kan cewa kowane matuƙi ya riƙe damansa idan yana bin titi, a tsara hanyoyi a sararin sama, a kuma sa rediyo a jirage. A kan wannan hanya ce kuma, a farkon shekarun 1920, jami'in rediyo na filin Croydon, Frederick Stanley Mockford, ya ƙirƙiro kiran gaggawa na Mayday daga kalmar Faransanci ta neman taimako, saboda matuƙan harsunan biyu su fahimce shi. Ke nan wani ɓangare na dokokin da ke tsare ran duk mai hawa jirgi a yau an koye su ne a cikin waɗannan kilomita 344. Kuma a nan ne aka fara biyan wani farashi da ba a daina biya ba: duk dokar da ta ƙara aminci takan karkatar da jirgi daga miƙaƙƙen layi, ko ta sa shi jira.

A 1924 aka haɗe kamfanonin Ingila huɗu suka zama Imperial Airways, kamfanin da daga baya, a 1936, ya miƙa reshen hanyarsa daga Khartoum zuwa Kano. A kan hanyar Faris bai damu da sauri ba. Jirginsa HP.42 na 1931 yana tafiyar kimanin kilomita 160 a awa, ana raba abinci a kan tebur, kuma tafiyar ba ta ragu sosai daga ta 1919 ba. Abokin gogayyarsa a ƙasa shi ne Golden Arrow, jirgin ƙasa na alfarma da ya fara aiki daga tashar Victoria a 1929, sai kuma Night Ferry na 1936, wanda ake tura taragunsa cikin jirgin ruwa fasinja na barci, ya kwanta a Landan ya farka a Faransa. Masu hali na lokacin suna da zaɓi tsakanin awa bakwai cikin natsuwa da awa biyu da 'yan kai cikin rugugin inji da amai, kuma da yawansu natsuwar suka zaɓa.

Akwai wata awa guda a cikin wannan lissafi da babu injin da ya kawo ta. Wanda ya dubi tikiti a yau zai ga jirgi ya bar Landan ƙarfe takwas ya isa Faris bayan ƙarfe goma, a dawowa kuwa ya ga kamar minti ashirin kawai aka yi. Dalili shi ne agogon Faransa yana gaban na Ingila da awa ɗaya. Rana ba ta san da wannan ba, domin bambancin fitowarta tsakanin Faris da Greenwich minti tara ne da sakan 21. A 1911 Faransa ta daidaita agogonta da na Greenwich, ko da yake dokar ta ƙi ambaton sunan, ta kira shi lokacin Faris da aka jinkirta da minti tara da sakan 21. A 1940 sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar suka mayar da agogo kan lokacin Berlin, kuma bayan yaƙin Faransa ba ta koma kan na Greenwich ba. Awar da matafiyi ke asara a takarda gadon mamaya ce.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu inji ya yi tsallensa na ƙarshe. Ranar 29 ga Yulin 1950 jirgin Vickers Viscount ya ɗauki fasinjoji daga Northolt zuwa Le Bourget cikin kimanin awa ɗaya, kuma shi ne jirgi mai injin tabain na farko da ya yi jigilar fasinja bisa jadawali. A Yulin 1959, don cikar shekara hamsin da hayewar Blériot, Daily Mail ta sake shirya gasa, wannan karon daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari, tsakanin Marble Arch a Landan da Arc de Triomphe a Faris. Wani hafsan sojan sama na Ingila, Charles Maughan, ya lashe ta da minti 40 da sakan 44, bayan ya haɗa babur da jirgi mai saukar ungulu da jirgin yaƙi samfurin Hunter. Gasar wasa ce, amma ta tona wani asiri. Masu shiga sun gane cewa sararin sama ba shi ne matsala ba, yaƙin duk a kan titunan gari ake yin sa, shi ya sa dabarunsu suka ƙare a kan babura da jiragen saukar ungulu. Abin da Maughan ya yi cikin minti arba'in, ba a taɓa sayar wa fasinja tikitinsa ba.

Daga nan agogo ya fara komawa baya. Manyan jirage suna buƙatar dogayen titunan tashi, don haka filaye suka ƙaura bayan gari: Heathrow yana yammacin Landan da fiye da kilomita ashirin, filin Charles de Gaulle da aka buɗe a 1974 yana arewa maso gabashin Faris da kwatankwacin haka. A watan Mayun wannan shekara jirgin Airbus A300 ya fara aikinsa na kasuwanci a kan wannan hanya, yana ɗauke da ɗaruruwan mutane a tashi ɗaya, kuma ɗaruruwan mutane sai sun yi layi kafin su shiga, su yi layi kafin su fita. Fashin jirage na ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 ya kawo binciken kaya, harin 11 ga Satumban 2001 ya tsananta shi, makircin da aka bankaɗo a Ingila a Agustan 2006 ya jawo taƙaita ruwan da ake shiga da shi. A yau jirgi kan yi ƙasa da awa ɗaya a sama, jadawali kan rubuta awa ɗaya da kwata ko fiye saboda jiran layin tashi da shawagin jiran sauka, amma idan aka tara zuwa fili, da isa da wuri, da shige da fice, da jiran jaka, da shiga gari, da wuya matafiyi ya tsira da ƙasa da awa huɗu. Sauri ya haifi nawa.

Hanyar da ta karya wannan lissafi ta ƙarƙashin teku ta bi, kuma tarihinta ya fi kowane nuna cewa tsoro ma yana tsawaita tafiya. Tun 1802 injiniya Albert Mathieu-Favier ya kawo shawarar haƙa rami da kekunan doki za su bi. A farkon shekarun 1880 aka fara haƙa da gaske, har aka ci kusan kilomita biyu a kowane ɓangare, sai aka dakatar da aikin a 1882 saboda manyan sojojin Ingila sun ce ƙofa ce ake buɗe wa abokan gaba. Jagoran masu adawar shi ne Garnet Wolseley, wanda ya jagoranci yaƙin da aka ƙone Kumasi a 1874. Mutumin da ya san yadda ake shiga ƙasar wasu ba zai so a sauƙaƙa shiga tasa ba. An sake farawa a 1974, gwamnatin Ingila ta janye a Janairun 1975 saboda matsin tattalin arziki. Sai a ranar 12 ga Fabrairun 1986 aka sa hannu kan yarjejeniyar Canterbury a zamanin Margaret Thatcher da François Mitterrand. Ma'aikatan ɓangarorin biyu sun haɗu a ƙarƙashin teku ranar 1 ga Disamban 1990, aka buɗe ramin ranar 6 ga Mayun 1994. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 50, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa. Fiye da shekara ɗari ke nan tsakanin ranar da aka nuna ana iya haƙawa da ranar da aka yarda a gama.

Jirgin ƙasa na Eurostar ya fara jigila ranar 14 ga Nuwamban 1994, yana ɗaukar kimanin awa uku daga tashar Waterloo. Faransa ta riga ta shimfiɗa layinta mai gudun kilomita 300 a awa, Ingila kuwa tsohon layi ta bari, har Mitterrand ya yi musu ba'a cewa fasinja zai keta arewacin Faransa kamar walƙiya, sannan ya sami isasshen lokacin kallon karkarar Kent. Da aka buɗe kashin farko na sabon layin Ingila a 2003 lokacin ya sauka zuwa awa biyu da minti 35, da aka kammala shi zuwa tashar St Pancras a Nuwamban 2007 ya koma kusan awa biyu da kwata. Layin dogon kilomita 492 ne, domin yana zagayawa ta wajen Lille, wato ya fi hanyar sama da kusan kilomita 150, kuma jirgin ƙasan bai kai rabin gudun jirgin sama ba. Duk da haka shi ya kwashe mafi yawan matafiya, saboda yana tashi daga tsakiyar gari ya sauke su a Gare du Nord, tsakiyar ɗayan garin. Shekara 88 bayan Lawford da fasinjansa ɗaya, an dawo kusa da adadinsu na awa biyu da rabi, sai dai yanzu ta ƙasa, kuma da ɗaruruwan mutane a tafiya ɗaya.

Ko wannan adadi ma na wanda takardunsa suka cika ne. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, duba fasfo a St Pancras da Gare du Nord ya ƙara ɗaukar lokaci, har kamfanin ya bayyana a 2023 cewa yana barin wasu kujeru babu kowa a jiragen safe, domin jami'an kan iyaka ba za su iya tantance cikakken jirgi kafin lokacin tashi ba. Mai fasfon Najeriya ko Nijar kuwa biza biyu yake buƙata, ta Birtaniya da ta ƙasashen Schengen, kuma kowace tana iya cin makonni kafin a zo maganar awa biyu da kwata. Jadawali ba ya ƙirga waɗannan makonni, amma a ganina duk wani lissafin gaskiya na lokacin tafiya dole ya fara daga ranar da mutum ya yi niyya.

Akwai kuma waɗanda ba su da takardar ko kaɗan. Les Baraques, inda Blériot ya tashi, an sauya masa suna zuwa Blériot-Plage a 1936, kuma yana cikin ƙaramar hukumar Sangatte. A Sangatte ɗin ne Faransawa suka haƙa rijiyar da suka saukar da injinan haƙa ramin teku. Bayan an gama aikin, wani katafaren sito da masu ginin suka bari aka mayar da shi sansanin 'yan gudun hijira a 1999, ƙarƙashin kulawar ƙungiyar agaji ta Red Cross, har zuwa lokacin da aka rufe shi a ƙarshen 2002. Rufe shi bai hana mutane zuwa ba. 'Yan Afganistan, Kurdawa, 'yan Eritiriya da 'yan Sudan sun ci gaba da taruwa a wannan gaɓa, wasu na shafe watanni suna jiran daren da teku zai kwanta, kamar dai matafiyan ƙarni na goma sha takwas, su shiga kwalekwalen roba. Ranar 24 ga Nuwamban 2021 ɗaya daga cikin irin waɗannan kwalekwale ya nutse a mashigin, aƙalla mutum 27 suka mutu, a cikin ruwan da Eurostar ke wucewa ta ƙarƙashinsa cikin kimanin minti ashirin.